Hawad da haruffan da muke gani ba mu karantawa

Duk ɗan Gidan Rumji ya san Buzaye. Kaka-da-kakanni suna sauko mana da gishirin Bilma da dabino, su koma da geronmu. Amma tambayi ɗalibin sakandare ko wane ne Hawad, sai ya zura maka ido. Mutumin nan kuwa Buzu ne ɗan ƙasarmu, an haife shi a Abzin a 1950. Mawaƙi ne, marubuci, kuma mai zane. Da Tamashek, harshen Buzaye, yake rubutu, cikin haruffan tifinag na kakanninsa, waɗanda ya ƙara wa wasula don su ɗauki dogon zance. A zanensa haruffan nan yake murɗawa da tawada, har ka kasa rabe rubutu da hoto. Matarsa, Hélène Claudot-Hawad, ita ke mayar da waƙoƙinsa Faransanci, shi ya sa aka fi saninsa a Faransa fiye da Maraɗi. Wannan, a ganina, sakacin makarantunmu ne. Yaro na haddace marubutan Turai, alhali haruffan maƙwabcin da yake ciniki da shi ranar kasuwa ko ɗaya ba a taɓa rubuta masa a allo ba.