Lafiyar Iyali: Jinyar mai ciwon sukari bayan tiyata

Maganarmu ta yau a kan mai ciwon sukari ce wanda aka yi wa tiyata, aka sallame shi ya dawo gida. Daga ranar nan nauyin jinya ya koma wuyan iyali, kuma babban aikinsu shi ne tsare sukarin jininsa har miki ya warke.

Tiyata rauni ce ga jiki, ko da ƙwararre ne ya yi ta. Jiki kan mayar da martani da sinadarai irin su kotizol da adirenalin, waɗanda ke sa hanta ta zubo sukari cikin jini, su kuma rage tasirin insulin. Shi ya sa sukari kan hau ko da majinyaci bai ci abin kirki ba. In ya daɗe a sama, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan yi sanyi, miki ya ƙi haɗewa, ya yi mugunya.

A asibiti, likitoci kan nemi riƙe sukarin yawancin majinyata tsakanin giram 1,40 da 1,80 a kowace lita ta jini. A gida kuwa, sai a tambayi likita iyakar da ta dace, a riƙa aunawa kafin kowane abinci da lokacin kwanciya, ana rubutawa a ɗan littafi. In awo ya wuce giram 2,50 sau biyu a jere, a koma asibiti.

Sau da yawa akan dakatar da metformin ranar tiyata, a musanya shi da allurar insulin na ɗan lokaci. Wannan ba alamar ciwo ya tsananta ba ne. Kada a koma kan tsohon magani sai da izinin likita, domin yakan so ya tabbatar ƙoda na aiki sosai tukuna. Haka kuma, mai shan glibenclamide ko mai allura, in ya kasa cin abinci, sukarinsa na iya faɗuwa. Alamunsa su ne gumi, rawar jiki da ruɗewa. In awo ya gaza giram 0,70, a jiƙa masa ƙwayar sukari 3 ya sha, a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A garzaya da shi asibiti.

Sai batun ƴan dubiya. Zumunci ne ke kawo su da kunu mai zaƙi, fura da sukari, zuma da lemun kwalba. Uwargida ta karɓa da godiya, ta raba wa sauran mutanen gida. Abin da ke tsirar da sabon nama shi ne kifi, ƙwai, wake, zogale da nono marar sukari.

A duba miki kullum. Kumburi, ja, wari, mugunya, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko aman da ya hana shan ruwa, kowanne dalili ne na komawa wurin likita a ranar. Kada a barbaɗa wa miki garin magani. Mai hakuri shi kan dafa dutse, amma wannan hakurin da awo ake yin sa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.