Tabon tawada bisa fata: kada magani ya fi ciwon ɓarna

Tun da karatu da rubutu suka yaɗu cikin garuruwanmu, bik ya samu wuri cikin aljihun manomi da jakar uwargida. Wannan abin murna ne. Amma bik yana da halinsa: in zafin rana ya buge shi, sai ya yi aman tawada. Yaro kuma in ya tsinci bik, bai san bambancin takarda da tumtum ba. Shi ya sa tabon tawada ya yi yawa bisa alabe, da jaka, da takalmi, har da kujerun fata na ɗakin baƙi.

Ra'ayinmu shi ne: tawada ba ta kashe fata. Gaggawa da magani mai ƙarfi su ke kashe ta.

Mu tuna wahalar da ke cikin fata guda. Makiyayi ya yi kiwo. Majemi ya jeme ta da bagaruwa. Baduku ya rina ta da karan dafi, ya yanka, ya ɗinka. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushinta da ƙwarinta. Bai kamata a lalata aikin mutum uku cikin minti biyar saboda ɗigon tawada ba.

Mutane da yawa da sun ga tabo sai su ɗauko ruwan jabel, ko isansi, ko kananzir, ko kanwa. Duk huɗun ɓarna suke yi. Jabel yana cinye rini, fatar ta bushe ta tsage. Isansi da kananzir suna narkar da maiƙon fata, su bar wari da wani tabon da ya fi na farko faɗi. Kanwa da toka suna duhunta fatar da aka jeme da bagaruwa. Kankarewa da wuƙa ma kuskure ne, domin ƙarfe in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa baƙi yake bari. Da wannan hikima ce dukawa ke haɗa baƙin rininsu.

Akwai kuma zancen lafiya. Isansi yana kama wuta ko daga nesa da murhu. Jabel in ya gamu da abu mai tsami, kamar ruwan lemun tsami, yana fidda iska mai guba da ke ƙona huhu. Kananzir da aka zuba cikin kwalbar lemo, yaro yana iya ɗauka ya sha.

To, me ya kamata a yi? Da fari a san irin tawadar. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da gawayi ko zuge da ƙaro, ruwa ke wanke ta. Tsumma mai damshi ya isa. Tawadar bik kuwa ruwa ba ya narkar da ita sosai. Alkol ke narkar da ita.

Na biyu, a san irin fatar. A ɗiga ruwa ɗigo guda a wurin da ido ba ya gani. In ruwan ya tsaya bisa fatar, an shafe ta da fenti, kamar yawancin kujerun kanti. In ruwan ya shige, wurin ya yi duhu, fata ce mai sha, kamar yawancin aikin dukawanmu. Ita wannan tana shan tawada kamar yadda take shan ruwa.

Ga yadda ake yi wa fata mai fenti. In tawadar ba ta bushe ba, a ɗora farin tsumma mai tsabta a danna a ɗaga. Kada a goga, gogawa tana baza ta. Sannan a gwada ruwa da sabuni kaɗan. In tabon bai fita ba, a sayo alkol a farmasi. A naɗa ƴar kaɗa a bakin tsinke, a jiƙa ta kaɗan, a gwada a ɓoyayyen wuri. In launin fatar ya biyo kaɗar, a tsaya nan. In bai biyo ba, a riƙa dangwala tabon daga gefe zuwa tsakiya, ana sake kaɗa da zarar ta ɗauki tawada. A yi aikin a sarari, nesa da wuta da taba. A bar fatar ta bushe cikin inuwa. Daga baya a shafa man kaɗe ɗan kaɗan, domin alkol yana busar da fata.

Fata mai sha kuwa, a tsane tawadar da tsumma, a tsaya. Alkol yana iya baza tabon, ya tafi da rinin. A kai wa baduku. Shi ya san rininsa. Yana iya sake rina wurin, ko ya ɗora masa ado ya rufe shi.

Wani zai ce: "Ai isansi nan take yake aiki, kuma ga shi a kusa." Gaskiya ne, yana iya dusashe tabon. Amma bayan ƴan watanni wurin zai bushe ya fara tsagewa. Jaka mai ɗan tabo tana ɗaukar kaya shekaru. Jakar da ta tsage sai ɗinki ko sayen sabuwa.

Rigakafi ya fi sauƙi. A rufe bakin bik da marfinsa kafin a sa shi cikin jaka. Kada a bar jakar cikin rana. A ba yara takarda ko allo su yi zanensu. In tabo ya riga ya samu, a bi shi sannu, kuma a ɗaga jabel da kananzir inda hannun yaro ba ya kaiwa.