Sharhi: Sabon kakin soja ya iya ɓoye mai shi, saura yadda za a gane shi

A watan Mayun 2022 rundunar sojan ƙasa ta Faransa ta gabatar da sabon zanen kakinta mai suna BME, wanda aka tsara fara rabawa daga 2024 a kan kuɗi kusan Yuro miliyan 200. Zane ɗaya ne da zai maye gurbin biyu: mai kore da baƙi na dazukan Turai, da mai ruwan ƙasa da ake kira Daguet, wanda mutanen Gao da Yamai da Njamena suka saba gani a jikin dakarun Serval da Barkhane. Kafin sabon kakin ya game barikoki, masu shi sun riga sun tattara nasu ya nasu daga Mali a 2022, daga Nijar a Disamban 2023, sannan daga Chadi a Janairun 2025.

Faransa ta bi sahu ne a makare. Tun 2010 Birtaniya ta koma zane ɗaya da ya dace da daji da sahara, wanda aka gina a kan MultiCam na kamfanin Crye Precision na Amurka. Ita kuwa Amurka sai da ta sha wuya. A 2004 ta fito da wani kaki mai launin toka da ƙananan murabba'ai kamar hoton kwamfuta, wai zai shiga ko'ina. A ƙasar Afghanistan sai ya riƙa tona asirin mai shi maimakon ya rufa. Aka ba dakarun da ke can MultiCam a 2010, aka kuma yi sallama da mai tokar baki ɗaya a 2019, bayan an narkar da biliyoyin daloli.

Zanen dai shi ido ke fara gani, amma yawancin aikin yana cikin yadi da ɗinki. Bama-baman da ake binnewa a hanya a Iraƙi da Afghanistan sun nuna cewa yadin roba yana narkewa ya manne da fata idan mota ta kama wuta, shi ya sa kakin F3 na Faransa da takwaransa na Amurka suka koma yadin da ba ya saurin ci. Rigar sulke ma ta sauya fasalin riga. Tunda sulke ya rufe ƙirji da baya, sai aka mayar da aljihuna kan damatsa, aka yi jikin rigar da yadi mara nauyi mai shan gumi, hannuwa kawai ke ɗauke da dabbare-dabbaren. Wuyan rigar na miƙewa don kada sulke ya goge fata, wando kuma na da wurin cusa abin kare gwiwa. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Tillaberi zai fahimci cewa wannan ba ado ba ne. Tun 2013 sojan Amurka ke karɓar kaki da aka riga aka jiƙa da maganin sauro daga masana'anta. Hatta wanki yana da doka: omon da ke sa tufa ƙyalli an hana amfani da shi, domin yana iya sa kakin ya fito fili a na'urar gani cikin dare.

Sai dai kaki aiki biyu gare shi. Yana ɓoye soja daga abokin gaba, yana kuma shaida wa kowa ko shi wane ne da kuma hukumar da za a tuhuma idan ya yi ba daidai ba. Masu zane sun zuba basirarsu a kan na farko, na biyun kuwa yana lalacewa. Yau rundunoni da dama sun koma launi kusan iri ɗaya, kwaikwayonsa kuma ya cika kasuwannin intanet a farashi mai sauƙi.

A yaƙin Ukraine abin ya kai sojoji suna naɗa salatif mai launi a hannu da hular kwano: rawaya ko shuɗi ko kore a ɓangaren Ukraine, fari ko ja a ɓangaren Rasha. An kashe maƙudan kuɗi don soja ya ɓace, ga shi yana ɗaura abu mai ƙyalli don kada ɗan'uwansa ya harbe shi.

A yankin Sahel da Tafkin Chadi wanda ruɗanin ya fi ci shi ne talaka. Daren 14 ga Afrilun 2014, mutanen da suka kwashe ɗalibai mata 276 a Chibok sun zo ne a matsayin sojoji masu kai ɗauki, kuma da yawa daga cikin yaran sun bi su ne don sun yarda da abin da suka gani. Duk sansanin da ƴan bindiga suka afka wa, kaki na cikin ganimar da suke kwasa tare da bindigogi da motoci. Idan ayarin babura ya shigo ƙauye da asuba, mai gari ba shi da na'urar tantancewa, idonsa kawai yake da shi. Idan kuma aka yi ɓarna, kowane ɓangare na iya cewa ba mutanensa ba ne, masu sojan gona ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 39 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya haramta kai hari cikin kakin abokin gaba, dokar Najeriya ma ta hana farar hula sa kayan soja. Amma wanda ya ɗauki makami don yaƙar gwamnati ba wannan sashe ne zai tsayar da shi ba.

Don haka tunda Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar a 2025 da haɗa rundunar AES mai dakaru 5,000, batun kaki ya wuce zaɓen launi. Yana buƙatar zanen da gwamnati ce kaɗai ke da iko da yadinsa, da ƙidayar abin da ke fita daga ɗakin ajiya, da suna ko lambar da farar hula zai iya karantawa a ƙirjin wanda ya tare shi a shinge. Amurka ta gwada wannan hanya tun 2002: an yi wa zanen MARPAT na sojojin kundumbalarta na ruwa rajista a matsayin mallakar gwamnati, kuma an buga ƙaramin tambarin rundunar a cikin yadin kansa, ta yadda za a iya bambance na gaske da na jabu.