Alif da kanwa ba maganin olsa ba ne



A makon jiya wata baiwar Allah daga nan Gangare ta shigo shagonmu da gora cike da wani farin ruwa mai kauri kamar koko. Ta ce, "Malama, duba min wannan. Maƙwabciyata ce ta koya min haɗa alif da ruwan kanwa, wai shi ne farin maganin olsa da kuke sayarwa." Mahaifinta take ba wa kullum bayan cin abinci, dattijo ne kuma mai hawan jini.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Idan alif ya haɗu da kanwa, farin abin da ke kwantawa shi ne alminiyam haidroksaid, sinadarin da ke cikin da yawa daga magungunan ƙwannafi. Sai dai na kwalba an wanke shi, an tace, an san abin da ke cikin kowane cokali, kuma galibi ana haɗa shi da magnesiyam don kada ya busar da ciki. Na gida babu wanda ya san ƙarfinsa, ga ragowar alif, ga gishirin kanwa, ga dattin da suka zo da shi daga kasuwa.

Gishirin nan yana ƙara hawan jini, yana tara ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Shi kuwa alminiyam ƙoda ce ke fitar da shi. In ta yi rauni, kamar yadda kan faru ga masu hawan jini ko ciwon suga, sai ya taru a ƙashi da ƙwaƙwalwa, ƙashi ya yi laushi, tunani ya rikice. Mai ciwon ƙoda ko na kwalbar bai kamata ya sha ba sai da izinin likita.

Haka kuma yana hana jiki tsotsar ciprofloxacin da tetracycline da maganin ƙarin jini, shi ya sa muke cewa a bar aƙalla awa 2 tsakaninsu.

Babban abin tsoro shi ne yana lafar da zafin ne kawai. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, ke haddasa shi, kuma ana kashe ta da magani na kamar mako 2. Duk wanda ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama babu dalili, ya garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko asibiti mafi kusa.

Baiwar Allahn nan dai ta zubar da haɗin, ta kuma yi alkawarin kai baba gwajin ƙoda. Ku ma idan za ku sayi maganin ƙwannafi, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.