Ƙwayar Basira: Nawa Ne Kuɗinta, Wa Ke Biya?

A shekarar 2011 aka fitar da fim ɗin Limitless a Amurka. Neil Burger ne ya ba da umarni, Bradley Cooper da Robert De Niro suka fito a ciki. Labarin wani marubuci ne, Eddie Morra, wanda ya kasa rubuta ko shafi ɗaya, kuɗin haya ma ya gagare shi. Sai aka ba shi wata ƙwaya mai suna NZT-48. Ya haɗiye. Cikin 'yan kwanaki ya gama littafinsa, ya koyi harsuna, ya shiga kasuwar hannun jari ya kwashi dukiya. Fim ne mai daɗin kallo, ban musa ba. Amma tunda alkawarin da ke cikinsa ana sayar da irinsa a kasuwanninmu, ya kamata mu zauna da alƙalami.

Mu fara da farashi. A cikin fim ɗin an ce ƙwaya ɗaya dala 800 ce. Mu sa dala a kan naira 1,500. Ƙwaya ɗaya ta zama naira miliyan 1.2. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar Bagudo zai yi wata 16 bai ci ba, bai sha ba, bai sayi sabulu ba, kafin ya mallaki basirar yini guda. Ƙwayar kuma kullum ake sha. Wata ɗaya naira miliyan 36. Shekara ɗaya naira miliyan 438.

Za a ce ai ƙwayar na biyan kuɗin kanta. To mu duba. Eddie ya ranci dala 100,000 a hannun wani ɗan daba mai ba da bashi da ruwa, ya mayar da ita sama da dala miliyan 2 cikin kwanaki kaɗan. Mu ƙaddara kwana 10 ne. Ninki 20 ke nan, wato ribar kusan kashi 35 cikin ɗari a kowace rana. Idan ya ci gaba a haka daga kan wannan dala miliyan 2, bayan wata ɗaya yana da dala biliyan 16. Bayan wata biyu yana da dala tiriliyan 128, abin da ya zarce duk arzikin da duniya ke samarwa a shekara. Kasuwa ba ta aiki haka. Duk ribar da wani ya ci a irin wannan caca, wani ne ya yi asararta, kuma masu asarar ba su da wannan kuɗin.

Akwai waɗanda kuɗinsu ya ninka da gaske. An kashe kimanin dala miliyan 27 wajen shirya fim ɗin, ya kawo kimanin miliyan 160. Ninki shida. Masu kallo suka biya.

Sai tushen alkawarin. Limitless ya ce kashi 20 cikin ɗari na ƙwaƙwalwarmu kawai muke amfani da shi. Bayan shekara uku, fim ɗin Lucy na Luc Besson ya ce kashi 10 ne. Ko a tsakaninsu ba su daidaita ba. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Jiki ba zai ciyar da gaɓar da kashi 80 nata ke zaman banza da irin wannan tsada ba. Wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san sauran. Ɗan wuri kaɗan ne ke lalacewa a ƙwaƙwalwa, sai magana ta ɗauke, ko hannu ya mutu. Da akwai kashi 80 a ajiye, da mafi yawan masu wannan ciwo sun tashi sun kaɗe riga.

Akwai magunguna na gaske da ɗalibai a Amurka da Ingila ke sha don karatu, irin su Ritalin da modafinil. An yi su ne don marasa lafiya, masu matsalar tattara hankali ko cutar yawan barci. A 2023 masu bincike daga jami'o'in Melbourne da Cambridge suka gwada irin waɗannan magunguna a kan mutum 40 masu lafiya, suka ba su wani aikin lissafi mai sarƙaƙiya. Waɗanda suka sha sun ƙara himma, sun ƙara lokaci. Da Ritalin, lokacin ya ƙaru da kusan rabi. Ingancin amsa bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu, kuma waɗanda suka fi iya aikin tun asali su suka fi faɗuwa. Aikin awa biyu ya koma awa uku, sakamako bai kai na da ba, mai aikin kuma yana jin kansa gwani.

Wannan jin kai gwani shi ne hajar da ake sayarwa a nan gida. Sunanta tramol.

Ƙaramar hukumar Bagudo ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Akwai mashiga a Tsamiya, mai fuskantar Segbana. Akwai Lolo, ta wajen Malanville. Ban da su akwai kogin Neja, akwai hanyoyin daji da babur ke bi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta daɗe tana cewa mafi yawan tramol ɗin da ke yawo a Afirka ta Yamma daga Indiya yake zuwa, ya sauka a tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku, har da Kwatano, sannan ya hau mota ya yo arewa. Daga Kwatano zuwa Malanville tafiyar fiye da kilomita 700 ce a kan kwalta. A ƙarshen 2017 hukumar ta ce abin da ake kamawa a shekara a ƙasashen kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa sama da tan 3 tun daga 2013. Ninki goma. Wannan na abin da aka kama ne kawai. Buhun shinkafa mai kilo 50 sai an nemi babur ko kwalekwale kafin ya tsallaka. Katin ƙwaya kuwa aljihu ya ishe shi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Shinkafa ta yi tsada. Ƙwaya ba ta ɓace ba.

Tramol maganin ciwo ne, ɗan gidan su kodin. Ba ya ƙara basira ko ta sisin kwabo. Abin da yake yi shi ne ya toshe jin gajiya da zafi, ya sa mutum ya ji garau. Mai ƙwadago a fadamar shinkafa ya sha don ya yi yini bai miƙe ba. Ɗan acaɓa ya sha. Ɗalibi mai shirin jarrabawar WAEC ya ji labari, shi ma ya gwada don ya kwana a kan littafi. Ga shi kuwa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kafa abin da aka karanta da rana. Wanda ya sayar da barcinsa don ya ƙara awa huɗu na karatu ya rage wa haddarsa ƙarfi.

Yanzu awo. Hukumar NAFDAC ta amince da tramol mai miligiram 50 da mai 100. Likita ba ya wuce miligiram 400 a rana ga babban mutum. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa yawanci mai 200 ne, ko 225, ko 250. Ƙwaya biyu masu 225 sun zama 450. An riga an wuce iyaka kafin azahar. Abin da ke bayan wannan iyaka sananne ne a asibiti: jijjiga irin ta farfaɗiya, da raunin numfashi. Mai jijjiga a kan babur, ko a cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, ba shi kaɗai abin ke shafa ba.

A Afrilun 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da tramol. A farkon Mayun shekarar Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi. Kasuwa ta sake riga. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke haɗa tapentadol da carisoprodol yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Babu ƙasar da ta yarda da wannan haɗin a matsayin magani. Mai saye a bakin tasha bai san wanne aka miƙo masa ba.

Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Ɗaya cikin bakwai ke nan. Miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin suke sha ba da izinin likita ba.

Mu sauko kan aljihu. Farashi na canzawa daga gari zuwa gari, don haka mai karatu ya sa na garinsu. Ni zan ƙaddara naira 500 kowace ƙwaya. Da ɗaya ake farawa. Jiki ya saba, ɗaya ta daina aiki, a koma biyu, a koma uku. Uku a rana naira 1,500. A wata naira 45,000, wato kashi 60 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashin jihar. A shekara naira 547,500. A wannan mataki ƙwayar ta daina ƙara aiki. Ana shan ta ne don kada jiki ya yi ciwo, hanci ya yi yoyo, barci ya gagara. Mutum na biyan rabin miliyan a shekara don ya koma daidai inda yake kafin ya fara. Ban sa kuɗin magani ba, ban sa kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ba, ban sa kwanakin da mai jinya zai bar gonarsa ba. Wanda ya riga ya kamu kuma bai kamata ya yanke dare ɗaya shi kaɗai ba, sai da likita.

Shi kansa fim ɗin ya nuna wani ɓangare na wannan. Waɗanda suka daina shan NZT-48 wasu sun mutu, wasu sun nakasa. Amma a ƙarshe an bar jarumin tsaf, yana neman kujerar sanata. Littafin Alan Glynn da aka ɗauko labarin daga ciki bai yi wa jaruminsa wannan rangwame ba. Masu fim sun san wace ƙarewa ce ke cika sinima.

Akwai abubuwan da aka auna aka ga suna taɓa basira, sai dai ba su da armashin fim. Nazarce-nazarce sun nuna yaran yankunan da ke fama da ƙarancin sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, suna ƙasa da takwarorinsu da maki kusan 7 zuwa 13 a gwajin basira. Kuɗin zuba aidin a gishiri bai wuce santi 5 na dala ga mutum ɗaya a shekara ba. Farashin ƙwayar Eddie guda ɗaya zai wadatar da mutum 16,000 shekara cur.

Sai abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya a tsumbure suke. A Kebbi 66 ne cikin 100, mafi muni a duk ƙasar a wancan lokacin, a jihar da ake yi wa kirari da shinkafa. Ginin ƙwaƙwalwa mafi girma yana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Naira 1,500 ɗin da uba ke miƙa wa mai ƙwaya kullum, idan ƙwai ɗaya naira 250 ne, ƙwai shida ne da bai shiga gidansa ba. Yaron da ya wuce shekara biyu a tsumbure da wuya ya maido duk abin da ya rasa, kuma babu kemis a Bagudo ko a Amurka da ke sayar da maganin hakan.