Guguwar rana da sandar duban ruwa: uzurin da ke cinye kuɗin rijiya

A ranar 15 ga Oktoba, 2024, hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, lokacin da ta fi yawan feso ƙwayoyin lantarki zuwa sararin samaniya. Tun kafin sanarwar duniya ta ɗanɗana. A ranakun 10 da 11 ga Mayu na shekarar, guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003 ta girgiza maganaɗisun da ke kewaye da duniya, har taraktocin manoman Amurka masu aiki da GPS suka rikice ana tsakiyar shuka.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, wata tsohuwar magana takan farfaɗo a tsakanin masu duban ruwa, wato masu zagaya fili riƙe da gwafar itace ko lanƙwasassun wayoyi biyu na tagulla, su ce inda sandar ta sunkuya ko wayoyin suka haɗe nan ruwa yake. A cewar da yawa daga cikinsu, musamman a Turai da Amurka, jikin mai duba yana jin maganaɗisun ƙasa ne, saboda haka idan rana ta tayar da ƙura dole aikin ya sami tangarɗa. Batun ya shafi arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kai tsaye, domin a nan ma ana kiran masu irin wannan sana'a kafin a haƙa rijiya, kuma burtsatsen da ta fito a bushe asarar miliyoyi ce ga unguwar da ta yi karo-karo.

Rabin maganar gaskiya ne. Guguwar rana tana taɓa maganaɗisun duniya, kuma ɓarnarta a rubuce take. A watan Maris na 1989 ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na kusan awa tara. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin Starlink kusan 40 da ya harba ana cikin wata guguwar da ba ta ma kai ta kawo ba. Su kansu masu binciken ma'adinai da na'urar auna maganaɗisu sukan dakatar da aiki a irin waɗannan ranaku, don alƙaluman da za su samu ba abin dogaro ba ne.

Sai dai lissafi yana rage wa maganar armashi. Ƙarfin maganaɗisun duniya yana tsakanin nanotesla 25,000 zuwa 65,000, gwargwadon inda mutum yake, kuma na Nijeriya ya ɗan haura 30,000. Guguwar Mayun 2024, duk da girmanta, abin da ta rage a yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya bai wuce kimanin nanotesla 400 ba, wato ƙasa da kashi biyu cikin ɗari. Ɗan maganaɗisun da ake manna wa ƙofar firij ya ninka na duniya sau ɗari ko fiye. Wayar salular da ke aljihun mai duba tana ɗauke da nata maganaɗisun, motar haƙa rijiyar da ke fake a gefe kuwa tarin ƙarfe ce mai karkatar da awo. Ga shi tagulla da itace ba sa bin maganaɗisu, ruwa ma ba ya jan sa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci wannan yanki. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa ta Nijeriya, kuma a samansa, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, wani kwararon lantarki yana gudana kullum da rana. Shi ya sa awon maganaɗisu a nan yakan tashi da nanotesla 100 ko fiye wajen tsakar rana, ya sauka da yamma, ko da guguwa ko babu. Da a ce 'yan ƙananan canje-canje ne ke juya sanda, da mai duba ya nuna wuri ɗaya da hantsi, ya nuna wani bayan la'asar.

Wanda ya fi kowa sanya wa wannan ra'ayi rigar kimiyya shi ne Yves Rocard, fitaccen masanin fiziya na Faransa, wanda a farkon shekarun 1960 ya wallafa littafi yana cewa masu duba suna jin bambancin maganaɗisu a ƙarƙashin ƙasa. Darajar sunansa ta sa aka ɗauki batun da muhimmanci, aka kuma gwada. Gwaji mafi girma an yi shi ne kusa da birnin Munik na Jamus a 1987 da 1988, da kuɗin gwamnati. An tace masu duba kusan 500 aka zaɓi 43 da suka fi nuna alamar iyawa. Aka sa su a benen wani rumbu, a ƙasansa ana matsar da bututun ruwa daga wuri zuwa wuri ba tare da sun gani ba, aka yi gwaji 843. Masu shirya binciken sun ce wasu 'yan kaɗan sun nuna baiwa. Da masani Jim Enright ya sake bin alƙaluman, sai ya tarar waɗanda suka yi dace a zagaye ɗaya sun kasa maimaitawa a na gaba, kuma wanda zai riƙa nuna tsakiyar ɗakin kawai a kowane karo zai fi su kusantar bututun. Wani gwajin da aka yi a Kasel a 1990 da masu duba 30 shi ma bai wuce canki-canka ba.

A nan ne uzurin rana ya rushe. Kafin a tambayi abin da ke ɓata aikin sanda, sai an fara tabbatar da cewa tana aiki a ranar da sama take lafiya lau, kuma ba a taɓa tabbatar da hakan ba. Abin da ke motsa ta an san shi tun 1852, lokacin da likitan Ingila William Carpenter ya bayyana yadda tsammanin zuciya ke sa hannu yin ɗan motsin da mai shi bai sani ba. Don haka ba lallai ne mai duba ya zama maƙaryaci ba, sau da yawa shi ma ya yarda da abin da ya gani. Binciken da aka yi a jami'ar Caltech a 2019 ya nuna ƙwaƙwalwar wasu mutane tana amsa juyawar maganaɗisu, amma su kansu ba su ji komai ba, balle a ce sun gano ruwa.

To me ya sa ake yawan dacewa? Saboda a wurare da dama ruwa shimfiɗe yake a ƙasa, ko'ina aka haƙa da zurfi za a same shi. Haka abin yake a yawancin kwarin Sakkwato da na Tafkin Chadi, inda ruwan ke kwance cikin rairayi. Matsalar tana ƙasashen fa, irin yawancin Kano, Kaduna, Zamfara da kudancin Katsina, inda ruwa ke maƙale a tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. A can tazarar 'yan mitoci ce ke raba rijiya mai ruwa da busasshiya, kuma a can ne ake buƙatar awon lantarki na masana ƙasa, wanda shi ma ba ya rantsuwa, amma yana barin alƙaluman da wani zai iya bincika.

Wannan bambanci na barin shaida shi ne abin da ya kamata masu bibiyar ayyukan mazaɓu su riƙe. Rahoton awo takarda ce da za a iya nema a ofis, a kai wa wani masani ya tantance, a kuma tuhumi ɗan kwangila da ita. Sanda ba ta barin komai: in an sami ruwa a yabi mai duba, in ba a samu ba a ɗora wa rana. Kuma ba talakan ƙauye kaɗai ke faɗawa ba. A 2017 aka gano cewa goma daga cikin manyan kamfanonin ruwa 12 na Birtaniya suna da ma'aikatan da ke amfani da ita. Gwamnatin Iraƙi kuwa ta kashe gomman miliyoyin daloli wajen sayen ADE 651, na'urar gano bam wadda ba komai ba ce illa sandar duba da aka yi wa mariƙin roba. An ɗaure mai sayar da ita, James McCormick, shekara 10 a 2013, amma ba a janye ta daga shingayen binciken Bagadaza ba sai bayan harin Karrada na Yulin 2016, wanda ya hallaka mutum sama da 300.