Ranar da Bappa Ya Kai Mu Mbormi

Taron zumunci na dangi ya zama abin yayi a Gombe. Kashegarin sallah za ka ga an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an sha anko, an ɗauko mai hoto. A buɗe da addu'a, a ambaci waɗanda suka rasu, a tara kuɗin asusu, a ci abinci, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Ban raina wannan ba, da babu gara ba daɗi. Abin da ke damuna shi ne yaran da aka yi taron dominsu sukan watse ba su riƙe sunan juna ba. Na Legas suna gefe, na Abuja suna gefe, kowa ya duƙufa kan waya.

Namu a Barunde ake yi, gidan Bappa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babban da ya rage mana. Wata babbar sallah, bayan an gama suya, matasa suka kawo shawarar a fita buɗe ido. Yawancinsu Dadin Kowa suke so, a ga madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola, a hango Dutsen Bima, a sayo kifi. Bappa ya bari suka gama, sannan ya ce Dadin Kowa tana nan ba inda za ta, shi kuwa bai da tabbacin ganin wata sallar, don haka Mbormi za a je. Wani jikansa da ya tashi a Legas ya tambaya ko wurin wasan yara ne. Goggo ta tafa hannu ta yi salati.

Aka ɗauki shatar motoci muka kama hanyar Bajoga. Tun a ƙofar gida Bappa ya kafa doka: ba mai zama kusa da wanda suka fito ɗaki ɗaya. Aka yi ta ƙunƙuni, amma kafin mu yi nisa robar soyayyen nama ta zaga motarmu, hira ta ɓarke.

Wanda ya je Mbormi neman gine-gine zai dawo da takaici. Fili ne da gonaki, sai kaburbura. Bappa ya cire takalmi, ya yi sallama ga mamata, ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo, ya ce yara su matso. Ya faɗa musu yadda Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, da yadda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya fuskanci gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Malamai da sarakuna da talakawa suka bar gidaje da gonaki suka bi shi, har suka iso nan, garin mabiyan Malam Jibrilla Gaini. A watan Mayu Turawa suka kawo wa garin hari, mutanen garin suka kore su. Ranar 27 ga Yuli, 1903, Turawa suka dawo da shiri. Sarkin Musulmi ya faɗi tare da ɗaruruwan mutane, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma a nan ya mutu, kabarinsa na wurin. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake yau.

Duk wannan akwai shi a littattafai. Abin da babu a cikinsu shi ne wanda Bappa ya ƙara: yayan kakansa yana cikin waɗanda suka wuce gabas, ya bar matarsa da ciki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗan da aka haifa, kakan Bappa ne ya raine shi. Sai ya shiga nuna yara da sandarsa. "Ke da ke, jinin wancan marayan ne. Kai kuma, ja'iri, jinin wanda ya riƙe shi." Yaron Legas ɗin ya ɗaga waya yana naɗar maganar, hannunsa na rawa.

Tun ranar na daina ɗora wa yaranmu laifi. Mu ne muke tara su a rumfa muna karanto musu jerin sunaye, alhali ba mu taɓa nuna musu abin da ya haɗa su ba. Yaro ba ya ƙaunar dangi don an umarce shi. Sai ya ji wa ya riƙe wa, wa ya sha wuya saboda wa. Kuma irin wannan labari a bakin tsofaffi yake, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Shekarar da ta biyo baya Gombe Abba muka je, ta wajen Dukku, muka ziyarci kabarin Modibbo Bubayero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa masarautar Gombe. Bappa bai iya zuwa ba saboda ƙafa, Goggo ce ta ja ragama. Yanzu an sa zuwa Tula a gaba, kuma an yanke cewa kowane gida ya zo da tsohonsa, ko da sai an ɗauko shi a kujera.